Waiwaye: Raha da Ƙaunar Iyaye a Fina-finan Kisan Kiyashin Yahudawa

Tun da fim ɗin Jojo Rabbit, mai yi wa 'yan Nazi ba'a, ya fito a 2019 aka sake tayar da ce-ce-ku-ce kan ko ya dace a cusa raha cikin labarin kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6. Masu muhawarar sukan soma lissafi daga fim ɗin Italiya na 1997, La vita è bella, inda uba ya rufe wa ɗansa gaskiya, ya ce masa zaman sansanin gwale-gwale wasa ne, wanda ya tara maki 1,000 zai ci tankar yaƙi. Alhali maganar ta girmi wannan fim da fiye da shekara 50, domin ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin ya yi wa 'yan Nazi ba'a a wani fim a 1940, mai shirya fina-finai Ernst Lubitsch ya biyo baya a 1942, kuma daga bisani Chaplin ya rubuta cewa da ya san abin da ake aikatawa a sansanonin, da bai iya yin fim ɗin ba.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne fim ɗin da Frank Beyer ya shirya a Jamus ta Gabas a 1974, Jakob der Lügner, wato Yakubu maƙaryaci. Jurek Becker ne ya rubuta labarin, shi kuwa yana ƙaramin yaro aka tsare shi a unguwar da aka killace Yahudawa a Lodz ta ƙasar Foland. A cikin fim ɗin, Jakob, wani Bayahude da aka tsare a irin wannan unguwa, ya tsinci labari a ofishin 'yan sandan Jamus cewa sojojin Rasha sun kusanto, sai ya ce yana da rediyo a ɓoye don a yarda da shi, daga nan kullum sai ya ƙaga sabon labari. Akwai Lina, yarinyar da aka tafi da iyayenta, ya ɗauke ta tamkar 'yarsa. Da ta matsa sai ta ji rediyon, ya kai ta ɗakin ƙasa, ya laɓe, ya riƙa kwaikwayon muryar mai labarai da bakinsa, sannan ya yi mata tatsuniyar gimbiyar da ba za ta warke ba sai an kawo mata gajimare. A ƙarshe ƙaryar ba ta ceci kowa ba. An loda su cikin jirgin ƙasa, Lina tana tambaya ko da gaske gajimare auduga ne.

A ganina, nan ne bakin zaren. Dariya kaɗan ce daga abin da ke ɓata wa masu suka rai. Damuwarsu ita ce a nuna kamar dabarar uba ta isa ta fitar da yaro daga kisan kiyashin da aka hallaka yara Yahudawa fiye da miliyan 1 a cikinsa, mai kallo kuma ya tashi da sanyin zuciya. Fim ɗin Beyer ya shiga takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar bai samu ba, ko da yake shi kaɗai ne na Jamus ta Gabas da ya taɓa kaiwa wannan mataki. A na 1997 an kashe uban, amma yaron ya hau tankar Amurka ya gamu da mahaifiyarsa, fim ɗin kuma ya lashe Oscar uku a 1999.