Yadda yawon daji ya zama haƙƙin kowa a Norwe

A Norwe da Suwidin, fita daji a ƙarshen mako, ko da zafi ko da tsananin sanyi, al'ada ce da iyalai ke yi tare, wadda suke kira friluftsliv. Tun asali manoma da masunta na shiga daji ne domin itace da kiwo da farauta, kuma sai a ƙarni na 19 masu hali na birane suka fara hawa tsaunuka don shan iska kawai. A 1868 wani attajiri mai banki, Thomas Heftye, ya jagoranci kafa ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, wato DNT, wadda a yau take kula da ɗakunan kwana sama da 500. Da matafiyin bincike ɗan Norwe Fridtjof Nansen ya ratsa ƙanƙarar Girinlan a kan allunan zamiya a 1888, sai lamarin ya cuɗanya da kishin ƙasa, a daidai lokacin da Norwe ke hanƙoron rabuwa da Suwidin, abin da ya tabbata a 1905.

Sai dai talaka bai samu rabonsa ba sai da aka ba shi lokaci. A Norwe an taƙaita aiki zuwa awa takwas a rana a 1919, sannan dokar 1947 ta bai wa ma'aikata hutun mako uku da albashi a kowace shekara. Da jama'a suka yi yawa a dazuzzuka da bakin teku, saɓani ya ƙaru tsakaninsu da masu filaye, har majalisa ta zartar da dokar 1957 wadda ta rubuta tsohuwar al'adar ƙasar a takarda. Dokar ta bambanta gona da harabar gida a gefe guda, da kuma filin da ba a nomawa a ɗaya gefen. A wannan na biyun kowa na iya tafiya da ƙafa ko da filin na wani ne, ya kuma kafa tanti har kwana biyu ba tare da neman izini ba, muddin ya nisanci gidan da ake zaune a ciki da mita 150, bai kuma bar shara ko ɓarna ba. A ganina nan ne ƙashin bayan al'adar yake, domin son daji ba ya amfanar wanda shinge ya tare masa hanya. Suwidin ta sanya irin wannan haƙƙi cikin tsarin mulkinta a 1994, yayin da Denmak, mai yawan gonaki, ta fi ƙuntata shi.

Tun suna ƙanana ake saba wa yara. A 1957 Gösta Frohm ya ɓullo da shirin koyar da ƙananan yara a cikin daji a Suwidin, kuma har yanzu makarantun reno da dama na fitar da yara waje kullum ko ana ruwa. Amfanin hakan ga lafiya ya samu goyon bayan bincike: a 1984 Roger Ulrich ya nuna cewa a wani asibiti a Amurka, waɗanda aka yi wa tiyata kuma tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti, sun kuma buƙaci ƙarancin maganin ciwo mai ƙarfi. A garin Tromsø na arewacin Norwe, inda rana ba ta fitowa kusan wata biyu a lokacin hunturu, mutane kan fita da fitilun goshi maimakon su kulle kansu a ɗaka.

Yanzu haƙƙin na fuskantar matsi ta fuska biyu. Hotunan intanet sun jawo dubban baƙi zuwa dutsen Trolltunga da tsibiran Lofoten na Norwe, inda mazauna ke kukan shara da tantuna a bakin gonakinsu. A gaɓar tekun Oslo kuma gidajen hutu na ci gaba da cinye bakin ruwa, duk da dokar hana gini a cikin mita 100 daga gaɓa, saboda ƙananan hukumomi kan ba da izini na musamman ga masu nema.