Tarawa da riƙo a azuzuwan farko

Tarawa da riƙo ita ce haɗa lambobi inda jimillar gurbi ɗaya (kamar gurbin ɗai-ɗai ko na goma-goma) ke kai goma ko ta haura, sai a rubuta abin da ya saura, a tura goman zuwa gurbin hagu. Ita ce yara ke rerawa da "a rubuta biyu, a riƙe ɗaya".

Tarihi

Hanyar ta dogara ne a kan tsarin gurbin lamba na Indiya, wanda ake kyautata zaton ya kafu tsakanin ƙarni na 5 da na 7. Wajen shekarar 825 masanin lissafi Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya yi bayaninsa a Bagadaza, sannan Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, ya yaɗa shi a Turai da littafinsa na 1202.

Kayan koyarwa na zamani da yaro zai taɓa da hannunsa sun zo daga baya. Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907, ta yi amfani da duwatsun ado: ƙwaya ɗaya, jeren goma, faifan ɗari da curin dubu. Wajen 1960 Zoltan Dienes, masanin lissafi ɗan Hangari, ya yaɗa tubalan katako masu irin wannan tsari, kuma har yau da sunansa ake kiransu.

Yadda ake koyarwa

A ɗauki 27 da 15. Yaro zai ajiye dami biyu na tsinke goma-goma da tsinke bakwai, ƙasa da su dami ɗaya da tsinke biyar. Idan ya haɗa tsinkayen ya sami goma sha biyu, sai ya ƙirga goma ya ɗaure da roba, ya tura sabon damin wajen 'yan uwansa. Dami huɗu ke nan da tsinke biyu, wato 42. Wannan ɗaurin shi ne zuciyar darasin, domin a nan yaro ke gani da idonsa cewa "ɗayan" da aka riƙe goma ce. Wanda bai gane haka ba yakan rubuta 312, wato 3 da 12 gefe da gefe. Bayan tsinke sai zane a allo, sannan lambobi zalla.

A Abuja

Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya (NERDC) da ke Sheda ce ke tsara manhajar firamare ta ƙasa. Inda tubalai suka yi tsada, malamai kan koma ga tsinken tsintsiya da marafen kwalba.

Masana sun saɓa kan lokacin da ya dace a fara rubuta lissafin a tsaye, wato lamba ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.