Tromatizim: rauni ne, tabo ne, ko gyambo?

Kwana biyun nan duk tashar da na murɗo sai na ci karo da ita. Mai gabatar da shiri da Fulatanci ya jefo ta, mai na Hausa ya jefo ta, babu wanda ya tsaya ya fassara: kalmar Faransancin nan, tromatizim. Abin ya ƙaru tun bayan 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa. Ɗan siyasa ya ce tsadar shinkafa da mai ta jefa talakawa cikin tromatizim. Mai sharhin ƙwallo ya ce magoya baya sun kwana da tromatizim don an ci ƙungiyarsu biyu da nema. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, baki ne ke neman kalma mai nauyi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani da na ji yana magana da sunan aikin agaji, yana cewa mutanen da suka gudo daga bakin iyaka, daga Kolofata da Amcide da Fotokol, "tromatize ne gaba ɗayansu". Na daɗe ina aikin jinya a Marwa, a arewacin Kamaru. Na san wannan magana ba daidai ba ce, kuma na san wanda take cuta.

A asibiti kalmar tsohuwa ce, kuma ma'anarta ta farko ba ruwanta da tunani. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya faɗi da moto ya fasa kai, abin da likita zai rubuta a karnensa, wato littafinsa na asibiti, ke nan. Wanda bangon ƙasa ya rufto wa da damina, haka. Wani dare ina bakin aiki, wani dattijo ya biyo ni har ƙofar ɗakin magani riƙe da karnen ɗansa, ya sa yatsa a kan kalmar, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Malama, don Allah kada ki ɓoye mini, yaron ya taɓu ne?" Ya sha jin kalmar a rediyo tare da maganar taɓin hankali, ga ta kuma a takardar ɗansa. Na ce, "A'a Baba, kansa ne ya bugu. Mun ɗinke, muna lura da shi zuwa safe." Sai da ya zauna a ƙasa ya yi hamdala.

Asalinta daga Girkanci ne, kuma rauni take nufi: na mashi, na takobi, na faɗuwa. Shekaru aru-aru likitocin Turai ba su san ta da wata ma'ana ba. Sai a ƙarni na 19, da jiragen ƙasa suka yawaita, haɗurransu ma suka yawaita, aka fara ganin mutanen da suka fito daga tarago ko ƙwarzane babu, amma barci ya ƙaurace musu, jiki na ɓari, ƙaramin motsi na razana su. Likitoci irin su Charcot da Pierre Janet a Faransa suka shiga nazarin irin waɗannan, aka soma cewa ashe rai ma yana jin rauni. Yaƙin duniya na farko ya cika asibitoci da sojojin da harsashi bai taɓa su ba amma sun kasa magana ko tafiya. Sunan da ake amfani da shi yau, PTSD, wato ciwon razana bayan masifa, bai shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam.

Ke nan aro aka yi daga ɗakin wankin ciwo. To, in dai daga can aka aro ta, mu da muke wanke ciwo kullum muna da ta cewa, kuma Hausa ta fi Faransanci wadata a nan.

Bahaushe ba ya kiran kowane ciwo da suna ɗaya. Akwai rauni, wato abin da ya same ka yanzu, yana jini, yana zogi, ya kumbura. Kumburin nan da zogin nan ba cuta ba ne, jiki ne ke aikinsa. In an wanke, an rufe, an hana ƙuda, mai shi ya samu abinci da hutu, yawancin raunuka da kansu suke haɗewa. Abin da ya rage shi ne tabo. Tabo ba ya gogewa, mai shi zai iya nuna maka ya ce ga inda abin ya same ni, wani lokaci ma da sanyin hunturu ya ɗan motsa masa, amma yana noma, yana kasuwa, yana dariya. Sai kuma gyambo, ciwon da ya ƙi warkewa. Wata uku, shekara, yana ruwa, yana hana sa takalmi, yana hana zuwa gona, har mai shi ya fara guje wa mutane. Kuma muna da wata kalma da ban san kamarta a bakin likitoci ba: fami. A taɓa ciwon da bai warke ba, ya dawo ɗanye kamar yau aka ji shi.

Duk abin da littattafan koyon jinya ke ƙoƙarin faɗa a kan wannan batu yana cikin kalmomin nan huɗu. Wanda ya ga an kashe maƙwabcinsa, ko ya kwana a kan rufi ruwa na cin gidansa kamar yadda ya faru a Yagwa da Maga da Kusiri a ambaliyar 2024, ko ya tsallaka Logon zuwa Cadi da abin da ke jikinsa kawai a rikicin Logon-Birni na 2021, ya ji rauni, babu musu. Kwanakin farko zai razana, gabansa zai riƙa faɗuwa, abinci zai fita ransa, zai yi mugun mafarki. Wannan shi ne kumburin. Yawancin mutane, in sun samu wurin kwana mai aminci da 'yan'uwa a kusa da abin kai wa baki, sannu a hankali abin yana lafawa ya zama tabo. Kaɗan ne nasu ke zama gyambo. Su ne masu ciwon da likita ke nufi, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Bari in ba da misalin wata baiwar Allah, na sauya abin da zai sa a gane ta. Tana cikin babbar kasuwar Marwa a Yulin 2015, ranar da bam ya tashi. Ko ƙwarzane ba ta ji ba. Shekaru bayan haka ta zo mana da karne wanda ya cika ya batse: an yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro ba adadi, an yi na taifot, an ƙara ruwa, an rubuta maganin ƙarin jini. Kukanta ɗaya ne kullum: zuciya na bugawa, kai na sarawa, jiki ba ƙarfi. Na auna abin da ya kamata a auna, domin ƙarancin jini da hawan jini da ciwon maƙoƙo duk suna sa bugun zuciya, kuma ma'aikacin jinyar da ya tsallake jiki ya tafi kai tsaye ga tunani ya yi ganganci. Komai lafiya. Sai na ja kujera na ce, "Inna, wa ke yi miki cefane?" Ta ce 'yarta. Na ce tun yaushe? Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, tun ranar ban sake taka kasuwar ba."

Daga nan zaren ya warware. In tayar moto ta fashe a titi, ba tuna ranar take yi ba, komawa cikinta take yi: tana jin ƙaurin hayaƙin a hancinta, sai dai ta farga ta gan ta durƙushe a ƙasa. Ba ta bi ta hanyar kasuwa, ba ta zuwa biki ko suna, in an fara zancen a tsakar gida sai ta shige ɗaki. Da dare da mayafinta take kwana, takalmi a bakin gado, kunne a waje. Abubuwa ukun da kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 wanda ya fara aiki a 2022, ya ce a nema ke nan: abin ya riƙa dawowa kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, kuma ya zauna kullum a ɗarare kamar haɗarin bai wuce ba. Sai an ga ukun tare, sun ɗauki makonni ba su lafa ba, sun kuma hana mutum harkarsa. Matar nan da sana'ar ƙosai ta riƙe gidanta. Ta daina.

Yanzu a dubi abin da maganar "gaba ɗayansu" ke yi wa irinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma wannan lissafi ya haɗa har da ciwon damuwa mai tsanani da fargaba da sauran manyan cututtuka, ba wannan ciwo kaɗai ba. Adadi ne mai tayar da hankali. Amma yana kuma nufin 4 cikin 5 ba su da cutar da za a rubuta a karne. Suna da baƙin ciki, suna da talauci, suna kewar garinsu, suna buƙatar gona da makaranta da takardar haihuwa ga 'ya'yansu. In aka ce duk mazauna sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, wanda aka buɗe tun 2013 kusa da Mokolo, marasa lafiya ne, an raina ƙarfin halin mutanen da suka sake gina rayuwa daga tabarma ɗaya. Ita kuma mai gyambon ta ɓace a cikin taro, domin in kowa na da abu, ba wanda za a ware a ce wannan a duba ta da kyau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda kalmar ta fara cinye alhini. Matar da mijinta ya rasu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tana kuka, ba ta cin abinci sosai, sai ka ji wani ɗan boko a gidan ya ce ai tromatize ce, a kai ta asibiti. Kuka a kan mamaci ba ciwo ba ne. Zaman makoki, da maƙwabtan da ke shigo da kwanon abinci, da tsofaffin da ke kwana tare da ita, su ne wankin raunin, kuma sun fi duk abin da ke cikin kabad ɗinmu amfani a wannan lokaci. Muna da jimami, muna da alhini, muna da kaɗuwa, ɗimuwa, zullumi, fargaba, firgici. Kowace da wurinta. Mai gabatar da shirin da ya bar waɗannan duka ya ɗauko kalma ɗaya ta Faransanci ya rufe su da ita ya rage wa masu sauraronsa fahimta.

Kuma kalma in ta karkace, magani ma karkacewa yake yi. Abu biyu nake gani. Na farko diyazefam. Mutum ya razana, ba ya barci, sai a rubuta masa, ko ya saya da kansa wurin masu tallar magani a bakin titi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da irin wannan magani don razanar watan farko bayan masifa. Yana sa barci yau, amma ba ya hana rauni zama gyambo, ga shi jiki na saurin sabawa da shi. A garin da tiramol ya riga ya cinye mana samari, ba ma buƙatar ƙarin wata ƙwaya. Na biyu shi ne "ba mu labari". A tara mutanen da suka tsira jiya, a sa kowa ya zayyana abin da ya gani daki-daki, wani lokaci a gaban baƙi da kyamara, wai don su fitar da abin da ke ransu. Hukumar ta yi gargaɗi a kan wannan ma. Ni a wurina sunansa fami. Abin da aka koya mana a jagorar Hukumar ta 2011 kan taimakon farko ga wanda masifa ta razana ya fi wannan sauƙi da mutunci: ka duba wa ke cikin haɗari ko buƙata, ka saurara in ya so magana ba tare da ka matsa masa ba, ka haɗa shi da danginsa da abin da zai rufa masa asiri.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru ƙalilan ne, kuma asibitin Jamot da kowa ke ambata yana Yawunde, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Saboda irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin ƙauye ya iya gane waɗannan larurori ya fara taimako. Ke nan rarrabe tabo da gyambo a hannunmu yake, mu masu farar riga da ke karɓar karne. Galibi mutanenmu ba sa zuwa su ce raina ne ke ciwo. Cewa suke zuciyata, kaina, tunani ya yi mini yawa. Da yawa sun riga sun je wurin malam, an yi tofi, an sha rubutu, an ce iska ce. Ban taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ba, ni ma da ita nake tashi. Inda nake ja shi ne duka, da ɗaure mutum da mari, da hana shi zuwa asibiti.

Innar nan mun tura ta wurin wani masanin halayyar ɗan'adam da ke zuwa lokaci-lokaci, tsakanin zuwansa kuma tana biyowa ta wurina. Ba ƙwaya ce ta fara yi mata aiki ba. An fara da yi mata bayanin cewa abin da ke damunta yana da suna, ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi. An koya mata jan numfashi a hankali in gaban ya faɗi. Sannan aka shiga matsawa kusa da abin da take gudu, taki ɗaya bayan ɗaya, da yardarta. Makon farko bakin titin da ke kallon kasuwa kawai ta tsaya, 'yarta riƙe da hannunta. Bayan kusan wata biyu ta shigo mini da gumi a goshi, ta kwance bakin zane ta ajiye sabulu ɗaya a kan teburina, ta ce da hannunta ta saya, a rumfa ta biyu daga ƙofa. Layin da abin ya faru har yanzu ba ta shiga ba. Ta ce sai bayan salla.