Akwatunan Kwano Masu Zanen Fenti na Amurka

Akwatunan kwano masu zanen fenti ƙananan akwatuna ne da maƙeran kwano na arewa maso gabashin Amurka suka riƙa ƙerawa daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, ana yi musu ado da furanni da ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Masu tara kayan tarihi suna kiran wannan sana'a toleware, daga kalmar Faransanci tôle, wato fallen ƙarfe. Abin da ake ƙera su da shi fallen baƙin ƙarfe ne siriri da aka tsoma cikin narkakkiyar kuza don kada ya yi tsatsa.

Tushen sana'ar yana garin Pontypool na yankin Wales a Birtaniya, inda iyalin Allgood suka shahara da shafa wa kwano man sheƙi su gasa shi a tanda, suna kwaikwayon kayan ado masu ƙyalli da ake kawowa daga Japan. A Amurka kuwa, ana danganta farkon ƙirar kwano da Edward Pattison, wanda ya zauna a garin Berlin na Connecticut a tsakiyar ƙarni na 18. Falle-fallen da ake aiki da su daga Birtaniya ake shigo da su, kuma ƙanana ne, shi ya sa akwatunan ba su cika girma ba.

Wanda aka fi sani shi ne akwatin ajiye takardu mai murfi kumburarre, da hannu na waya ko tagulla a bisa, da maƙalar kwado a gaba. A ciki ake adana takardun gona, wasiƙu da kuɗi. Maƙeri ya yanka, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, sannan a shafe jikin da wani man kwalta wanda ke ba shi launi tsakanin baƙi da ruwan ƙasa. Daga nan sai aikin masu zane, waɗanda da yawansu 'yan mata ne na gidan maƙerin ko na unguwa. Gwanintar tana cikin bugu ɗaya na buroshi: a danna bakinsa, a ja, a ɗaga, sai ga ganye mai kai da siririyar jela, ba tare da an koma an gyara ba. Ja da rawaya da kore aka fi amfani da su, wani lokaci a kan farin layi da ya zagaye gaban akwatin. Kaɗan ne suka sa sunansu a aikinsu. Ann Butler ta garin Greenville a jihar New York tana cikinsu. Saboda haka da salon zane ake gane shagon da akwati ya fito, ko na iyalin Filley na garin Bloomfield a jihar Connecticut, ko na Zachariah Stevens a jihar Maine.

'Yan koli ne suka yaɗa kayan, suna bin ƙauyuka da keken doki, sau da yawa ana biyansu da tsummoki ko fatu maimakon kuɗi. Sana'ar ta ja baya da masana'antu suka fara buga zane a jikin gwangwani da inji. A 1946 aka kafa ƙungiyar Historical Society of Early American Decoration, wato ƙungiyar tarihin adon gargajiya na Amurka, don tunawa da Esther Stevens Brazer, wadda ta yi nazarin waɗannan zane-zane. Masu saye a yau sun fi daraja akwati mai fentinsa na asali, ko da ya koɗe, a kan wanda aka sake wa fenti.