Ma'anar rank, Elo da MMR a wasannin intanet

Duk wanda ya taɓa zama kusa da matasa masu buga Free Fire, PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile ya ji kalmar rank. Wani zai ce yau rank zai tura, kada kowa ya kira shi. Wani kuma ya ƙi shiga wasa da amininsa, ya ce masa, "Kai fa a Gold kake, ƙasa za ka ja ni." Rank shi ne matsayin da wasa ke bai wa mutum gwargwadon nasarorinsa da faɗuwarsa a karawa da mutane na gaske. A PUBG Mobile ana farawa daga Bronze, a bi ta Silver, Gold, Platinum, Diamond, Crown da Ace, sannan Conqueror, wanda mutum 500 na sama kaɗai ke samu a kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan wani yanki. A Free Fire ana rububin Heroic da Grandmaster, a Call of Duty Mobile kuma Legendary. Waɗannan sunaye da tambarinsu su ake gani, amma a ƙarƙashinsu akwai lissafi, kuma lissafin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Asalinsa daga wasan chess ne, darar nan ta Turawa. Arpad Elo, wanda aka haifa a Hungary a 1903, ya girma a Amurka, yana koyar da kimiyyar fiziks a Jami'ar Marquette da ke Milwaukee, kuma gwanin chess ne. Shi ya tsara hanyar auna ƙarfin 'yan wasa da lamba guda. Hukumar chess ta Amurka ta karɓi tsarin a 1960, ta duniya wato FIDE ta bi sahu a 1970. Saboda haka Elo sunan mutum ne, ba taƙaitattun haruffa ba, ko da yake da yawa na rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Dabarar ba ta da wuya. Kafin a fara wasa, tsarin yana duba lambar mutum biyun ya yi hasashen wanda zai ci. Idan tazarar maki 200 ce, ana sa ran na sama ya kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon. Idan 400 ce, sau goma ya fi damar nasara. Bayan wasa sai a gwada hasashe da abin da ya faru. A ce iyakar makin da wasa ɗaya zai motsa 32 ne. Mutum biyu masu lamba ɗaya suka kara, wanda ya ci ya samu 16, wanda aka ci ya rasa 16. Amma mai 1600 da ya doke mai 1200 maki uku kacal zai samu, domin abin da aka zata ne ya faru, in kuwa ƙaramin ya kayar da shi, kusan 29 za su tafi. Kamar a dambe ne: shago ya kayar da ɗan koyo ba labari ba ne, ɗan koyo ya kayar da shago kuwa har garin gaba sai an ji. Lamba mafi girma da aka taɓa kaiwa a tsarin FIDE ita ce 2882, ta Magnus Carlsen ɗan Norway, a 2014.

Daga baya an yi wa tsarin gyare-gyare. Mark Glickman ya fito da Glicko a 1995, wanda ke la'akari da yadda tsarin ya tabbata da ƙarfin mutum, shi ya sa sabon shiga lambarsa ke tsalle sama da ƙasa kafin ta natsu. Microsoft ta ƙirƙiro TrueSkill don wasannin na'urarta ta Xbox da ake yi ƙungiya da ƙungiya. Kalmar MMR kuma taƙaitawa ce ta Turanci, ma'anarta makin da ake amfani da shi wajen haɗa mutum da abokan karawa. A Dota 2 ɗan wasa yana ganin lambarsa. A League of Legends ɓoye ta ake yi, abin da yake gani wasu maki ne dabam da tambarin matsayi. Shi ya sa mutum biyu masu tambari ɗaya za su ci wasa, ɗaya ya samu maki da yawa, ɗaya kaɗan, su yi ta mamaki.

Lambar nan ba a yi ta don ta yaba wa kowa ba. Aikinta ta nemo wa mutum tsararsa. Idan tana aiki daidai, duk wanda ya daɗe yana wasa zai tsinci kansa yana cin kusan rabi, ana cinsa kusan rabi, sai fa 'yan ƙalilan da ke can ƙololuwa. Ka ƙara ƙwarewa, a ƙara maka masu ƙarfi. Shi kuwa ɗan wasa yana ɗaukar rank a matsayin darajarsa a cikin tsara, abin da zai ɗauki hotonsa ya sa a WhatsApp. Injin na neman daidaita shi da wasu, shi yana neman fin wasu, kuma yawancin halayen da ake kuka da su daga wannan saɓani suke fitowa.

Na farko shi ne ɗora laifi. Elo don mutum biyu aka yi shi, inda babu wanda za ka zarga sai kanka. Da aka kawo shi wasan mutum biyar da biyar irin su Dota 2 da League of Legends, sai makinka ya rataya a wuyan baƙi huɗu da ba ka taɓa gani ba. Daga nan 'yan League of Legends suka ƙago abin da suke kira jahannamar Elo, wato imanin cewa mutum ya fi matsayinsa, abokan wasa marasa kan gado ne suka danne shi. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Idan kai gwani ne, gurbi huɗu ne a ƙungiyarka da ɗan shirme zai iya faɗawa, a ta abokan gaba kuwa biyar ne, don haka in wasanni suka yi yawa sa'a ta fi karkata gare ka. Amma wanda aka ci sau huɗu a jere da tsakar dare ba ya lissafi. Laifi tudu ne, sai ya hau akwatin saƙo da zagi, wani ma ya ɓata wasan da gangan don ya huce a kan wanda ya ba shi haushi.

Na biyu ya fi ba ni sha'awa, domin yana nuna cewa mutane ba wasan suke bugawa ba, ma'aunin suke bugawa. A PUBG Mobile, inda ake saukar da 'yan wasa a fili ɗaya su yi ta fafatawa har mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage, daɗewa da rai yana kawo maki sosai. To, me ake tsammani? Mai tura rank zai sauka can bayan gari inda ba kowa, ya kwanta cikin ciyawa ko ya maƙale a banɗakin wani gida, ya bar sauran su kashe juna. A wasan da ba na rank ba, mutumin nan shi ne na farkon dira tsakiyar wuta. Ba tsoro ya koya ba, ya gane abin da ake biyan kuɗinsa ne. Haka kuma idan wasa ya fifita yawan kisa, za ka ga an bar abokin da ya faɗi yana neman a tashe shi, an ruga neman ƙarin kai. Akwai kuma waɗanda da zarar sun taka matsayin da suke so sai su daina shiga rank gaba ɗaya, suna gadin tambari kamar ƙwai. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa suke rage maki ga manyan da suka daina wasa, suke kuma mayar da kowa baya a farkon sabon zango. Wannan mayarwa tana da amfani ga daidaito, amma kada a manta tana da amfani ga aljihun kamfani, tunda mai hawa tsani kullum yana cikin wasan.

Sai kalmar smurf. Gwani ne ke buɗe sabon asusu ya koma cikin 'yan koyo yana yi musu kisan mummuƙe. Sunan ya samo asali ne a shekarun 1990 a wasan Warcraft II, inda wasu gwanaye biyu da kowa ke gudun karawa da su suka ɓuya da sunayen Smurfs, wasu 'yan tsana shuɗɗa na zanen katun. Wani yana yi ne don ya yi wasa da abokansa na ƙasa, wani don jin daɗin cin zali kawai, amma ga sabon shiga duk ɗaya ne: an haɗa shi da wanda ba sa'ansa ba, ya ajiye wasan. Valve, mai Dota 2, ta wajabta haɗa lambar waya kafin shiga rank tun 2017, kuma a watan Satumban 2023 ta sanar da rufe asusun smurf 90,000. Ɗan'uwan smurf shi ne boosting, wato ka biya gwani ya hau asusunka ya kai ka matsayin da ba ka isa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da mai asusun ya karɓi abinsa, abokan ƙungiyarsa ne ke shan wahala. A Koriya ta Kudu abin ya kai ga majalisa: dokar da ta fara aiki a 2019 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar won miliyan 20, kuɗin ƙasar, ga mai wannan sana'a.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a soke tsarin ba. An daɗe ana wannan muhawara a Call of Duty, inda manyan masu yaɗa wasansu kai tsaye ke kukan cewa haɗa su da tsararsu ya sa kowane wasa ya zama gumurzu. A 2024 Activision, mai Call of Duty, ta fitar da bayanin gwajin da ta yi, inda ta sassauta la'akari da ƙwarewa ga wani ɓangare na 'yan wasa ba tare da sun sani ba. Sakamakon da ta bayyana shi ne yawancinsu sun fi ficewa a tsakiyar wasa, sun kuma rage dawowa. Kamfani ne ke ba da shaida a kan kayansa, a riƙe wannan, amma maganar ta yi daidai da hankali. Wanda ke son a sake shi cikin raunana ya manta cewa raunanan su ne mafi yawa.

Wasu kamfanonin sun ƙara ma'auni na biyu, na hali. Dota 2 tana da makin ɗabi'a da ke kaiwa 12,000, wanda ke raguwa idan ana yawan kai ƙarar mutum ko yana gudu daga wasa, har a riƙa haɗa shi da ire-irensa. League of Legends tana da tsarin karramawa da abokan wasa ke yi wa juna bayan an tashi.

A nan ne mai wasa daga Kano ko Maraɗi ke da nasa ƙorafin. Injin ba ya bambance wanda ya fita don fushi da wanda data ta ƙare masa, ko sabis ya ɗauke, ko waya ta mutu saboda kwana biyu ba wuta. Duk gudu ne a wurinsa, maki zai yanke, wani lokaci da hukuncin jira. Ga kuma jinkirin saƙo tsakanin waya da sabar da ke wata nahiya, wanda ke sa harsashin abokin gaba ya riga naka ko da kai ka fara harbi. Shi ya sa masu tura rank da gaske a nan sukan jira dare ya raba, lokacin da layi ya yi sauƙi, su cika waya da caji, su tara mutum huɗu da suka san juna, kafin su taɓa maɓallin farawa.