Wai shi dinari dole sai zinare ne?

Tunda naira ta fara zamewa kowa ya koma masanin dinari. Rannan a rediyo na ji wani mai sharhi yana cewa kuɗin Kuwait ya fi dala ne saboda ai dinari zinare ne, mai gabatar da shirin kuma ko uffan bai ce ba. Malam, dinarin Kuwait takarda ce, arzikin man fetur ne ya riƙe ta.

Asalin kalmar ma ba ruwanta da zinare. Denarius ne na Rumawa, ɗan tsabar azurfa da suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suna tsaka da yaƙi da Hannibal, kwamandan yaƙin Carthage, ma'anarsa mai goma, don kwabban tagulla goma ake canza shi. Daga baya sunan ya koma kan na zinare, har Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga nasa a 77 bayan hijira, wanda malamai ke lissafin zakka da sadaki da shi.

Shi na Rumawan kuɗin albashin soja ne, zamanin sarkinsu Augustus soja na karɓar denarius 225 a shekara, shi ya sa in ka juya bayansa sau da yawa yaƙi za ka gani, gaggafa tsakanin tutocin runduna, garkuwa, fursuna a ɗaure. Da aka ci Masar sai Augustus ya sa hoton kada a jikin kuɗin da rubutun an kama Masar. Sarki Vespasian bayan rushe Kudus a shekara ta 70 miladiyya ya sa mace a zaune ta rafka tagumi kusa da tarin makaman ganima, ita ce ƙasar Yahudiya wai. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai rubutun amanar sojoji da haɗin kan sojoji, ya yi yawa a ƙarni na 3, daidai lokacin da sojojin ke yanka sarakunan ɗaya bayan ɗaya. A ganina tallar gwamnati ce kawai da ake cusa wa soja a hannu ranar albashi.

Masu cewa dinari ba ya faɗuwa kuma, Sarki Nero ya rage wa na Rumawan azurfa a shekara ta 64 miladiyya, kafin ƙarshen mulkin Sarki Septimius Severus kusan rabinsa tagulla ce, hoton gaggafar dai yana nan yadda yake.