Ba kullum ne ragwanci ba: cinikin da ƙwaƙwalwa ke yi kafin ta yarda ta yi aiki

Yaro ya zauna da littafin lissafi bayan la'asar, jarrabawar WAEC saura wata biyu. Ya karanta tambaya ɗaya, ya yi hamma, hannunsa ya lalubo waya. Shi ɗin dai da daddare sai ya raba dare yana lissafin makin ƙungiyoyin ƙwallo, ko gezau. A gida sai a ce rago ne. Iyaye da malamai, kafin ku yanke hukunci ku ji abin da ke gudana a cikin kansa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Tunani mai zurfi kaɗan yake ƙara wa wannan cin. Ke nan gajiyar karatu ba ƙarewar mai ba ce, lemon kwalba ba ya maganinta. Ciniki ne ƙwaƙwalwa ke yi kamar ɗan kasuwa. Can ciki ta wajen goshi, inda ɓarin dama da na hagu ke fuskantar juna, akwai yanki mai suna singulet. A bayanin da wasu masana a Amurka suka fitar a 2013, shi ne ke auna riba da wahala: me za a samu, yaushe zai zo, in an dage abin zai canza, kuma me aka bari aka zauna nan? In ciniki ya faɗa, sai ɓangaren goshi ya riƙe hankali a kan aikin.

Tambayar "in na dage zai canza?" ita aka fi mantawa. Yaron da ya sha faɗuwa lissafi, kullum ana ce masa daƙiƙi, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta rubuta cewa wahalar banza ce. Bulala ba ta goge wannan rubutun, ƙara wa littafin tsada take yi.

Sinadarin dofamin shi ke ɗaga darajar lada. An rage shi a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai suka daina haura shinge don abincin da suka fi so, suka koma wa wanda ke gabansu kyauta. Yunwar tana nan, ƙwazon ne ya tafi. A 2022 kuma masu bincike a Faris ta Faransa sun sa mutane aikin tunani mai wuya na sama da awa shida. Sinadarin gulutamet ya taru a ɓangaren goshinsu, suka koma zaɓen ƙaramin kuɗi nan take maimakon babba daga baya. Shi ya sa bai kamata ɗan kasuwa ya ƙulla babban ciniki da yamma bayan ya wuni yana lissafi ba.

Malaman allo sun daɗe da gane bakin zaren. Ba a rubuta wa ƙaramin yaro hizifi guda. 'Yan ayoyi ake ba shi, ya biya, ya wanke allo, a ƙara masa. Aiki gajere, sakamako a ranar. Haka za a yi wa karatun boko: maimakon "je ka yi karatu", a ce tambaya biyar, a duba amsa nan take, a fara da wadda zai iya ci. Minti 25 zuwa 30 na aiki, hutun minti 5 da miƙe ƙafa. Waya ta koma wani ɗaki, kifa ta a kan tabarma bai isa ba, domin ladanta na nan take ne kuma ba ya buƙatar gumi. Darasi mai wuya a kai shi bayan asuba, musamman da zafin bazara. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, babba aƙalla 7. Shayi, kofi da goro suna rufe jin gajiya ne kawai, kuma rabin sinadarin kafin (caffeine) da ke cikinsu yana nan a jini bayan kusan awa biyar, don haka a tsayar da su tun la'asar.

Masu shan tiramadol ko kodin wai don su jure aiki, bashi suke ci. Ƙwaya na tunzura dofamin fiye da kima, a hankali abinci, hira da cin jarrabawa su daina daɗi. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Wani rashin ƙwazon kuwa ciwo ne. In mutum ya kai mako biyu ba ya sha'awar abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, a duba ciwon damuwa. In ya fara ambaton kashe kansa, ranar za a kai shi asibiti. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ga haki da jiri, a auna jini. Dattijon da tafiyarsa ta yi nauyi, hannu na rawa yana zaune, likita ya duba cutar Fakinsin. A fara da asibitin unguwa mafi kusa, daga nan a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma tafi da duk maganin da yake sha, har na gargajiya.